Haɗa Keken Sassaƙa na Ƙafa da Sarrafa Ɗanyen Itace: Darasi ga Malaman Gona da Manoman Jihar Neja

Gabatarwa

Da zarar an kammala girbin shinkafa da dawa, aka haƙe doya, manoma da yawa a yankin Minna kan yi watanni huɗu zuwa biyar ba su da wani aiki mai kawo kuɗi, in ban da masu noman fadama. A wannan lokaci ne wasu matasa ke tafiya cin rani, wasu kuma su shiga daji su kayar da ƙirya da kaɗanya su ƙona gawayi. Itacen da ya yi shekaru masu yawa kafin ya girma sai ya ƙare a 'yan buhuna, a sayar da su da araha a bakin titi.

Akwai hanyar da manomi zai sami kuɗi daga reshe ɗaya fiye da abin da gawayinsa zai ba shi, wato ya mayar da shi ƙotar lauje, ko muciya, ko ƙafar kujera. Injin da kafintocin birni ke amfani da shi wajen fitar da irin waɗannan kaya yana buƙatar lantarki ko janareta. Duk da cewa madatsar Kainji ta 1968 da ta Shiroro ta 1990 suna cikin Jihar Neja, ƙauyuka da yawa ba su da wuta, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 aiki da janareta ya ƙara tsada. Wannan darasi yana bayani ne a kan wani inji da ƙafar mutum ke tuƙawa, wanda kafinta da maƙerin ƙauye za su iya haɗa shi da kayan da ke kusa da su. Tun da yake da ƙafa ake taka shi kamar keken ɗinki, a nan za mu kira shi keken sassaƙa.

Manufar darasin ita ce malamin gona ya iya:

1. bayyana yadda keken ke aiki;
2. jagorantar ƙungiyar manoma wajen haɗa shi;
3. zaɓar itacen da ya dace tare da shirya shi;
4. koyar da sassaƙa da busar da kaya ba tare da sun tsage ba.

Asalin keken

Sassaƙa tsohuwar sana'a ce a wannan yanki. Masassaƙan Hausa da na Gwari suna fitar da turmi da taɓarya da akushi da ƙota da gatari da gizago, Nufawan Bida kuwa sun shahara da kujeru masu ƙafafu da yawa waɗanda ake fafewa daga gungume ɗaya. A duk waɗannan ayyuka itace yana zaune ne wuri ɗaya, ƙarfe ke zagaya shi. A keken sassaƙa kuwa itacen ne ke juyawa, ƙarfen yana tsaye, shi ya sa abin da aka sassaƙa ke fitowa a mulmule, kuma guda goma su fito kai ɗaya.

Dabarar ta daɗe a duniya. A kabarin Fetosiris da ke Masar akwai zane na wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda ke nuna mutum biyu, ɗaya na jan igiya yana juya itace, ɗaya na riƙe da ƙarfe. A kasuwar Marakish ta Maroko har yau ana ganin masu juya itace da baka a hannu, suna dafe ƙarfen da yatsun ƙafa. Irin wanda ake takawa da ƙafa, mai doguwar sanda a sama, ya bayyana a zane-zanen Turai tun ƙarni na 13. A dazuzzukan da ke kewaye da garin High Wycombe na Ingila, masassaƙa sun riƙa kafa bukka a cikin daji suna fitar da ƙafafun kujeru daga ɗanyen itace da wannan keke, suna sayar wa masana'antu, har zuwa tsakiyar ƙarni na 20. Keken wani mai yin akusa, George Lailey, wanda ya rasu a 1958, yana ajiye a gidan tarihin rayuwar karkara da ke Reading.

Yadda keken ke aiki

Duk wanda ya ga mace na burga miya da muburgi ya ga tushen dabarar: sanda na juyawa gaba, ta juya baya. A keken sassaƙa ana maƙale itacen a kwance tsakanin tsinin ƙarfe biyu. Ana ɗaura igiya a kan wata doguwar sanda mai lanƙwasuwa da ke sama, a naɗe ta sau biyu a jikin itacen, sannan a sauke ta zuwa mataki a ƙasa. Idan aka taka, igiya ta ja, itacen ya juyo wajen mai aiki, a lokacin ne ƙarfe ke yanka. Idan aka ɗaga ƙafa, sandar ta miƙe kamar reshen da aka lanƙwasa don tarko, ta mayar da igiya sama, itacen ya juya baya, a lokacin ba a yanka.

Yana da kyau malamin gona ya san wannan lissafi. Idan bakin mataki yana sauka santimita 50 a kowane taku, itace mai kaurin santimita 5, wanda kewayensa ya kusa santimita 16, zai juya sau uku da ɗan ɗoriya. Mai kaurin santimita 10 kuwa sau ɗaya da rabi kawai zai juya. Saboda haka keken ya fi dacewa da kaya marasa kauri. Idan itacen na da kauri, a fara rage wurin da igiya za ta zauna domin juyin ya ƙaru.

Kayan da ake buƙata

1. Katako biyu masu inci 2 da 4, tsawon santimita 150 kowanne, don yin gadon keke.
2. Ginshiƙai biyu masu inci 2 da 4, tsawon santimita 150, na itacen da gara ba ta cika ci ba.
3. Guntayen katako biyu masu inci 4 da 4, tsawon santimita 45, don yin kawuna.
4. Rodi biyu masu zare, kaurin milimita 12, tsawon santimita 20 zuwa 25, da notuna.
5. Ƙusoshi huɗu masu noti don ɗaure gado.
6. Siririn katako mai tauri, tsawon santimita 120, don yin majingina.
7. Sanduna uku marasa nauyi da faffaɗan katako ɗaya don yin mataki.
8. Gora ko sandar turare mai tsawon mita 4 zuwa 5.
9. Igiya mai kaurin milimita 5 zuwa 6, tsawon mita 4, ta nailan ko ta fata. Igiyar rama na yin aiki, amma tana saurin cinyewa.
10. Guntun fata ko robar tsohuwar taya.

Matakan haɗawa

Mataki na 1: Zaɓen wuri. A sami wuri mai inuwa, ƙarƙashin mangwaro ko rumfa, mai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, da fili na aƙalla mita 6 a tsaye saboda sanda. A guji wurin da iskar hunturu ke bugawa kai tsaye.

Mataki na 2: Kafa ginshiƙai da gado. A haƙa ramuka biyu masu zurfin santimita 50, tazarar santimita 140 daga tsakiya zuwa tsakiya. A babbake gindin ginshiƙan kaɗan saboda gara, a kafa su, a daddaɓe ƙasa sosai. Abin da ya rage a sama zai zama mita 1. A ɗora katakon gado biyu a kan gefensu, ɗaya a gaban ginshiƙan ɗaya a bayansu, a huda a ɗaure da ƙusoshi masu noti. Da haka za a sami rata ta kimanin santimita 5 tsakaninsu. A tabbatar gadon bai karkace ba, domin keken da ke girgiza ba ya fitar da aiki mai kyau.

Mataki na 3: Yin kawuna. A kowane guntun katako mai inci 4 da 4 a bar santimita 20 na sama yadda yake, a fere santimita 25 na ƙasa daga gefe biyu har ya zama harshe da zai shiga ratar gado ba tare da matsi ba. A zura shi, a yi alama daidai ƙasan gado, a fafe rami a nan don weji. Ramin ya ɗan haura alamar kaɗan, ta yadda idan aka doka weji zai ciji ƙasan gado ya janyo kan ya zauna daram. Da an sassauta weji kuma ana iya matsar da kan zuwa inda ake so.

Mataki na 4: Sanya tsini. Maƙeri ko mai walda ya fiƙe bakin kowane rodi ya zama tsini mai kusurwar digiri 60, ya goge shi ya yi santsi. A huda kawunan biyu a tsayi ɗaya, santimita 15 daga saman gado. A ɗaure rodi ɗaya da noti gaba da baya don kada ya motsa. Na biyun a lanƙwasa ƙarshensa ya zama mariƙi, a binne noti a jikin kan, ta yadda za a riƙa murɗa shi ana matse itace. A matso da kawunan kusa da juna a duba: lalle ne tsinin biyu su haɗu baki da baki. Tsayinsu daga ƙasa zai kama santimita 115, wato wajen gwiwar hannun matsakaicin mutum. Ga gajere ko dogo sai a rage ko a ƙara tsayin ginshiƙai.

Mataki na 5: Majingina. A kafa ɗan gajeren hannu na katako a jikin kowane kai, yana fuskantar mai aiki, a ɗora siririn katakon a kansu. Samansa ya kasance ƙasa da tsayin tsini da kamar santimita 1. A nan ake jingina ƙarfe lokacin yanka, don haka a goge shi ya yi sumul.

Mataki na 6: Mataki. A haɗa sanduna biyu masu tsawon santimita 120 su haɗu a baki ɗaya kamar duwatsun murhu biyu da aka jingina, a gicciya ta ukun a tsakiya inda ƙafa za ta taka. A haɗa gindinsu da faffaɗan katakon da fata ko robar taya domin su riƙa ɗagawa da sauka. Mai aiki zai tsaya da ƙafa ɗaya a kan faffaɗan katakon, bakin matakin kuwa ya wuce ta ƙarƙashin gado.

Mataki na 7: Sanda da igiya. A kafa turke a bayan keke a ɗaure gindin sandar. A tokare ta da gwafa ko sanduna biyu da aka gicciya a daidai kashi ɗaya cikin uku na tsawonta daga gindi, ta yadda bakinta zai tsaya sama da gado, kimanin mita 2 daga ƙasa. A ɗaura igiya a bakin, a sauko da ita ta gefen mai aiki, a naɗe itacen sau biyu, a zura ta ratar gado, a ɗaure a bakin mataki. A taka a gani. Idan saman itacen ya juyo wajen mai aiki, naɗin ya yi daidai. Idan ya juya baya, a kwance a sake naɗawa ta ɗaya gefen. Idan sandar ta yi tauri, a matsar da gwafa wajen gindi. Idan ta yi laushi, a matsar da ita wajen baki.

A lura: inda babu fili, ana iya kafa sanduna biyu a tsaye a gefen gado, a ɗaura robar tsohon tiyub tsakaninsu, a ɗaura igiyar a tsakiyar robar. Aikinta ɗaya da na sanda, sai dai rana na saurin lalata ta.

Ƙarafan aiki

Ƙarafa huɗu sun isa a fara:

1. Cizal mai kwarin baki kamar cokali, faɗin santimita 3 zuwa 4, don rage itace ya zama mulmulalle.
2. Cizal mai faffaɗan baki, santimita 4 zuwa 5, don gogewa.
3. Cizal mai karkataccen baki, santimita 2 zuwa 3, don yin ado da yanke ƙarshe.
4. Ƙaramin cizal mai kwarin baki, santimita 1, don lunguna.

Maƙeri zai iya ƙera su daga tsohon sifirin mota. Bayan ya gama siffar, ya gasa bakin ya yi ja, ya tsoma a mai, ya goge, sannan ya sake ɗumama shi a hankali har ya yi launin busasshen kara. Idan aka tsallake ɗumamawar ta biyu bakin zai riƙa ɓantarewa. A wasa bakin a kusurwar digiri 25 zuwa 30 a kan dutse, a ƙarasa da fata. Gwajin kaifi shi ne ya aske gashin hannu. Tun da ƙarfin ƙafa kaɗai ke tuƙa keken, dakusasshen ƙarfe yana gajiyar da mutum cikin 'yan mintoci. Sauran kayan su ne gatari, gizago, adda, zarto, guduma da weji biyu ko uku na tsaga gungume.

Dalilin amfani da ɗanyen itace

Itacen da aka sare yanzu cike yake da ruwa, yana da laushi, ƙarfe na yankar sa kamar rogo. Marke ko ƙirya da suka bushe kuwa ƙafa ba za ta iya da su ba sai da wahala. Ɗanyen itace yana tsagewa cikin sauƙi ya bi jijiyarsa, kuma abin da aka yi da tsagaggen itace ya fi na wanda aka yanka da zarto ƙarfi, domin jijiyoyin sun tafi daga wannan kai zuwa wancan ba a datse su ba. Ba ya kuma tayar da ƙura.

Amma akwai abin kiyayewa. Ruwan da ke cikin itace iri biyu ne: wanda ke kwance cikin ƙofofinsa, da wanda ke cikin naman itacen kansa. Na farko yana fita ba tare da itacen ya canza ba. Sai laima ta sauko wajen kashi 30 cikin 100 sannan na biyun ya fara fita, itacen ya fara tsukewa. Tsukewar ba daidai take ba: ta kewaye ta kusa ninka ta daga cibiya zuwa ɓawo, a tsawo kuwa kusan babu. Wannan ne ya sa reshen da aka bari da cibiyarsa yake tsagewa idan ya bushe. Wanda aka tsaga aka cire cibiyar kuwa ba ya tsagewa, sai dai ya ɗan koma siffar ƙwai maimakon da'ira, wanda ba aibu ba ne ga ƙota, hasali ma ya fi zama a hannu.

Zaɓen itace

Malaina: tana da laushi da rashin nauyi, ba ta cika tsukewa ba, sai dai tana jinkirin bushewa. Ita ta fi dacewa da mai koyo, da ƙafafun kujeru da tebur.

Dalbejiya: tana ko'ina a gari da ƙauye, tana sake toho idan aka sassabe ta, ƙwari ba su cika cin jan cikinta ba. Wani lokaci jijiyarta na murɗewa, don haka a zaɓi miƙaƙƙen reshe.

Marke da gwaiba: suna da tauri da ƙarfi, sun dace da ƙotar lauje da ta wuƙa da ta guduma.

Ƙirya: ita aka sani da taɓarya saboda nauyi da daɗewa. A sassaƙa ta cikin kwanakin farko bayan sara.

Mangwaro: yana da sauƙin aiki, ya dace da muciya da kayan ado, amma ƙwari na son sa.

Turare: yana tsagewa da karkacewa wajen bushewa, ya fi amfani a matsayin sandar keke.

Kada a yi muciya ko wani kayan abinci da gwaska, domin tana da guba. Kada a kayar da kaɗanya ko ɗorawa mai 'ya'ya. Jihar Neja na cikin manyan wuraren da ake samun man kaɗanya a Nijeriya, kuma abin da mata ke samu daga itace ɗaya shekara bayan shekara ya fi kuɗin ƙotocin da za a fitar daga gare shi. Madobiya ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta sa wa ido a cinikin ƙasa da ƙasa tun 2017, a taron 2022 kuma aka ƙara maɗaci da kawo. Wannan alama ce ta yadda suka ragu. Hanya mafi kyau ita ce a dogara da rassan da aka rage daga itatuwan gona, da itatuwan da ake cirewa don rage cunkoso a gandun malaina, da waɗanda iska ta kayar. Kafin a kayar da kowane itace a daji a nemi izinin ma'aikatan gandun daji na ƙaramar hukuma.

Shirya itace

A yanka gungumen gunduwa-gunduwa, kowace ta fi tsawon abin da ake so da santimita 5. A guji wurin da ke da ƙulli ko mararrabar reshe. A tsayar da gunduwa, a ɗora gatari a kan cibiya, a doka da guduma ta rabu biyu. A raba kowane rabi biyu, a sake rabawa. A kullum a raba a tsakiya, domin idan gefe ɗaya ya fi kauri tsagar za ta gudu wajen siririn.

Misali: gunduwa mai kaurin santimita 20 da tsawon santimita 40 za ta ba da tsagi 8. Kowane tsagi zai fitar da sanda mai kaurin santimita 4, wadda za a raba ta zama ƙotar lauje biyu. Ke nan ƙota 16 daga gunduwa ɗaya.

A cire ɓawo da cibiya da gizago ko adda, a fere kusurwoyi har tsagin ya kusa zama mulmulalle. Duk abin da aka rage da adda ƙafa ta huta da shi. A yi ɗan rami a tsakiyar kowane kai, a ɗiga man gyaɗa ko man kaɗanya a ciki. Gungumen da ba za a yi aikinsa nan take ba a bar shi da ɓawonsa a inuwa, a rufe da jiƙaƙƙen buhu, a yi amfani da shi cikin mako biyu zuwa uku. Kada a tsaga fiye da abin da za a sassaƙa a yini ɗaya, musamman da hunturu.

Yadda ake sassaƙa

1. A naɗa igiya a jikin itacen, a maƙala shi tsakanin tsini, a doka weji, a murɗa mariƙi har itacen ya daina girgiza amma yana juyawa.
2. A matso da majingina kusa da itacen ba tare da ta taɓa shi ba.
3. A fara takawa ba tare da ƙarfe ba, taku mai tsawo, kamar ɗaya a daƙiƙa, har ƙafa ta saba.
4. A ɗora cizal mai kwarin baki a kan majingina, hannu ɗaya na danne ƙarfen, ɗaya na riƙe da ƙota a jikin ƙugu. A bar bayan bakin ya fara shafar itacen, sannan a ɗaga ƙota a hankali har ya fara yanka.
5. A tura ƙarfe idan ƙafa na sauka, a ɗan janye shi idan tana hawa. Janyewar ba ta wuce kaurin farce ba. Wannan shi ne abin da ya fi ba mai koyo wuya, amma cikin kwana biyu ko uku hannu da ƙafa kan daidaita.
6. A riƙa yanka daga wuri mai kauri zuwa siriri. Idan aka yi akasin haka ƙarfe zai shiga ƙarƙashin jijiya ya ɓalle ta.
7. Idan an gama gefe ɗaya, a matsar da igiya zuwa wurin da aka gama, ko a juya itacen.
8. A goge da cizal mai faffaɗan baki, an ɗan karkata shi, ana yanka da tsakiyar bakin zuwa ƙasa. Kada kusurwar sama ta taɓa itacen.
9. A ƙarshe a damƙi sassaƙen da ya zuba a matse shi a jikin itacen ana takawa, zai yi sheƙi.

Alamar aiki mai kyau ita ce sassaƙe ya riƙa fita dogo-dogo kamar ɓawon lemu. Idan gari ke zuba, ana kankara ne, ko dai ƙarfen ya dakushe ko an ɗaga ƙota da yawa.

Busarwa da adanawa

A nan ne masu koyo suka fi yin asara. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na iya tsaga ƙota cikin dare ɗaya, domin ruwa ya fi saurin fita ta kawunan itace. A shafa narkakken kyandir ko kakin zuma a kawunan biyu. A jera kayan a ɗaki mai inuwa, a kan sanduna, ba a ƙasa ba, da 'yar rata tsakaninsu. A makon farko a lulluɓe su da buhun algarara ko a zuba su cikin sassaƙensu. Da damina kuwa matsalar ita ce fumfuna, don haka a bar iska ta riƙa ratsawa.

Don sanin ko sun bushe, a ware guda uku a yi musu alama, a riƙa auna su a sikeli duk bayan kwana uku. Idan nauyin ya daina raguwa sau biyu a jere, sun bushe. Wurin da zai shiga rami, kamar kan ƙafar kujera ko inda zoben lauje zai zauna, a bar masa ƙarin milimita 2 zuwa 3, a mayar da shi keke bayan ya bushe a daidaita. Idan aka sa busasshiyar ƙafa cikin mazaunin da bai gama bushewa ba, ramin zai tsuke ya kama ta ba tare da ƙusa ba. A shafa wa kayan abinci man kaɗanya. Kada a shafa musu baƙin man inji ko maganin ƙwari.

Matsaloli da maganinsu

Igiya na zamewa: a ƙara naɗi ɗaya, ko a rage tsawonta don ta ɗaure, ko a sassauta mariƙi idan an matse da yawa.

Itace na tsalle daga tsini: ramin kai ya faɗaɗa. A murɗa mariƙi, a ƙara mai.

Ƙarfe na cakewa: an fara da baki kafin bayansa ya shafi itacen, ko majingina ta yi nisa.

Jikin aiki na fitowa da tudu-tudu: itacen ya yi tsawo da siranta yana lanƙwasa. A rage yawan abin da ake yanka, a tallafe shi da tafin hannu ta baya.

Sanda ta daina miƙewa: a riƙa kwance igiya bayan an tashi aiki, a kuma juya sandar lokaci-lokaci.

Kiyaye lafiya

Keken yana tsayawa da zarar ƙafa ta tsaya, saboda haka haɗarinsa bai kai na injin lantarki ba. Duk da haka kada a yi aiki da babbar riga ko hannun riga mai faɗi. A sa takalmi rufaffe saboda ƙarfe na iya faɗuwa. A hana yara tsayawa ƙarƙashin sanda, a duba igiya kowace safiya. A riƙa sauya ƙafa don kada ƙugu ya yi ciwo. A kwashe sassaƙe kullum a nisanta shi da wuta. Yana da amfani wajen hura murhu, da rufe gindin dashe, da haɗa takin gargajiya.

Abin da keken ke iya yi da batun kasuwa

Keken yana fitar da ƙotar lauje, ta wuƙa, ta guduma da ta magagari, da muciya, muburgi, mazari, ƙaramar taɓaryar daka yaji, sandar murza fulawa, turakun auna layi a gona, da ƙafafun kujeru da na gado. Babbar taɓarya na buƙatar gado mai tsawon mita 2 ko fiye. Ƙotar fartanya da ta garma masu lanƙwasasshen kai, da turmi, suna nan a hannun masassaƙi da gizagonsa. Saboda haka ya kamata a jawo masassaƙa da maƙeran gari cikin shirin tun farko, domin sun san itace, kuma maƙeri ne babban mai sayen ƙota.

Kafin a yi kaya da yawa, ƙungiya ta kai samfuri ga maƙera da kafintoci da masu sayar da kayan girki a kasuwannin Minna, Paiko, Beji, Kuta da Bida, ta ji girman da suke so da farashin da za su biya. A lura da lokaci: ana neman lauje gab da girbin shinkafa a fadamun Badeggi da Wushishi, don haka ƙotocin da aka yi da rani a adana su zuwa lokacin. A buɗe littafi a riƙa rubuta kuɗin itace, igiya, sufuri, kwanakin aiki, da adadin da ya tsage. Da wannan ne za a gane kayan da ke da riba.

Shawara ga malamin gona

A fara da keke ɗaya a ƙungiya mai mutum biyar zuwa takwas. Ranar farko a haɗa keken tare da su, ta biyu a koyi tsaga da wasa ƙarfe, daga ta uku kowa ya hau. A sa sharaɗi cewa duk wanda zai yi aiki da keken ya dasa malaina ko dalbejiya a iyakar gonarsa da damina mai zuwa, ya kare su daga dabbobi da gobarar daji. Itatuwan nan biyu suna sake toho daga kututture, don haka layi ɗaya a gefen gona zai riƙa ba da itacen aiki shekaru da yawa.

Tambayoyin bita

1. Me ya sa ake yanka lokacin saukar ƙafa kawai?
2. Itace mai kaurin santimita 8 sau nawa zai juya idan mataki na sauka santimita 50?
3. Me ya sa ake cire cibiyar itace kafin a sassaƙa shi?
4. Kawo itatuwa uku da suka dace da wannan aiki, da uku da ya kamata a bari, tare da dalili.
5. Yaya ake gane cewa ƙota ta bushe?

Don ƙarin bayani a kan samun dashe da izinin sare itace, a tuntuɓi malamin gona ko jami'in gandun daji mafi kusa.